Yawon Hawan Doki da Jagora

Yawon hawan doki da jagora wani nau'in shaƙatawa ne da mutane ke hawa dawakan haya su bi turba ta cikin karkara, daji, tsaunuka ko bakin teku, ƙwararren mahayi na gaba yana ja musu ayari. An tsara shi ne domin iyalai da waɗanda ba su taɓa hawa ba. Gajeren yawo yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, akwai kuma na yini guda da na kwanaki.

A matsayin sana'a, ya yi ƙarfi ne a yammacin Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masu gandun kiwo suka fara karɓar baƙi daga birane suna biyansu kuɗi. A 1926 suka kafa ƙungiyarsu. A Sikotilan ya bunƙasa a shekarun 1950. Aisilan da Lesoto ma sun yi suna a kai da gajerun dawakansu masu juriya, a Grand Canyon kuwa, wani babban kwari mai zurfi a Amurka, alfadarai ake hawa saboda sun fi iya taka gangare.

Abin da ya sa ɗan koyo ke iya zama kan doki ranar farko shi ne halin dokin kansa. Dabba ce ta garke, hankalinsa yana kwanciya idan yana bin ɗan'uwansa. Saboda haka ake jera su ɗaya bayan ɗaya, a bar tazarar tsawon doki guda tsakaninsu don gudun harbi. Galibi dawakai dandaƙaƙƙu da suka manyanta ake zaɓa, ba a ba baƙo ingarma. Yawancin tafiyar taku ce, wajen kilomita 6 a awa. Sassarfa sai jagora ya ga kowa ya zauna daram, sukuwa kuwa ba ta ɗan koyo ba ce.

Jagora nagari shi ne rabin tafiyar. Tun a barga yake duban nauyin kowa da tsayinsa da irin tsoron da ke fuskarsa kafin ya haɗa shi da doki. Shi ke daidaita likkafa, ya kuma sake duba majayi bayan an ɗan taɓa tafiya, domin yakan saki har sirdi ya karkace. Idan ayarin na da yawa, wani mataimaki yakan biyo baya. Ƙananan yara ana riƙe musu ragama ne, kuma wurare da dama suna sa iyakar shekaru.

Ta hagu ake hawa. Mahayi ya zauna a miƙe, dunduniya ƙasa, ya riƙe linzami da sassauci, domin bakin doki wuri ne mai saurin jin zafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya tsorata ya matse cikin doki da ƙafafu yana kuma jan linzami, ya ce masa tafi da tsaya a lokaci guda. A hawan tudu ana ɗan sunkuyawa gaba, a gangara a ɗan koma baya. Ba a naɗe linzami a hannu. Doki na ganin kusan duk kewayensa, amma ban da daidai bayansa da dab da goshinsa, shi ya sa ba a tunkarar sa ta baya babu magana. Idan ya kwantar da kunnuwa baya, ransa ya ɓaci.

Faɗuwa ce babban haɗari, raunin kai kuma shi ne mafi muni, don haka hular kwano ba abin sakaci ba ce ko ga babba. Ana so a sa dogon wando da rufaffen takalmi mai ɗan dunduniya, wanda zai hana ƙafa zurmawa cikin likkafa. Dawakai kan ƙara sauri idan suka juyo gida, a nan ne ake son mahayi ya ƙara kula.

Lafiyar dokin ma abin dubawa ce. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada mahayi da sirdi su wuce kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. Dokin da haƙarƙarinsa suka fito, ko mai gyambo a ƙarƙashin sirdi, ko mai ɗingishi, bai kamata a ɗora masa kowa ba, kuma baƙo na da damar ya ƙi hawa.