Sashe na 177: Me ya rage wa mutanen Tsibiran Mashal?

Duk lokacin da aka tayar da maganar gwajin makaman ƙare-dangi a Tsibiran Mashal da ke tekun Fasifik, zantuka biyu ne ke yawo. Wasu su ce Amurka ta biya diyya, zance ya ƙare. Wasu kuma su ce da gangan aka bar mutane cikin burbushin nukiliya don a mai da su abin gwaji. Duka biyun akwai gyara.

Tsakanin 1946 da 1958 Amurka ta yi gwaji 67 a tsibiran. Mafi girma shi ne Bravo, ranar 1 ga Maris 1954, wanda tokarsa ta zubo kan mutanen tsibiran Rongelap da Utirik. Likitocin da aka tura sun yi magani, amma kuma sun buɗe wani bincike mai suna Project 4.1 kan yadda jikin ɗan Adam ke ɗaukar tururin. Kwamitin da Shugaba Kilinton ya kafa ya ce a 1995 bai ga hujjar cewa da gangan aka jefa mutanen ba. Sai dai an cakuɗa magani da bincike, ba a yi wa jama'a bayani da harshensu yadda ya kamata ba. A ƙa'idar da hukumomin Amurka ke bi tun 1991, duba majiyyaci daban, sa shi cikin bincike daban, kuma na biyun sai da yardarsa, yana da damar janyewa ba tare da ya rasa haƙƙinsa na kulawa ba.

Yarjejeniyar Amurka da gwamnatin tsibiran, wadda ta fara aiki a 1986, ta ware dala miliyan 150 a ƙarƙashin Sashe na 177, da shirin lafiya ga mutanen Bikini da Enewetak, inda aka yi gwaje-gwajen, da kuma na Rongelap da Utirik. An kuma kafa kotun sauraren ƙorafi a Majuro, babban birnin tsibiran. Kotun ta yanke diyyar da ta haura dala biliyan 2, amma asusun da za a biya daga ciki ya kusa ƙafewa, abin da ya shiga hannu kaɗan ne.

Inda ake ruɗewa shi ne sharaɗin "sauyin al'amura" da ke cikin yarjejeniyar. Ya ce in daga baya aka gano ɓarnar da ba yadda za a iya ganinta lokacin da yarjejeniyar ta fara aiki, har ta bayyana ƙarara cewa kuɗin bai isa ba, gwamnatin tsibiran na iya neman ƙari daga majalisar dokokin Amurka. Neman ƙari kawai. Takardar da kanta ta ce majalisa ba ta ɗaure kanta da bayarwa ba. Mutane da yawa sun ɗauka ƙofar shari'a ce, alhali ƙofar roƙo ce.

An miƙa roƙon a 2000, majalisa ba ta amince ba. Da mutanen Bikini da Enewetak suka nufi kotunan Amurka, sai aka kore su da wani sharaɗin na cikin yarjejeniyar, wanda ya ce wannan sulhu shi ne na ƙarshe. A 2010 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar. A ganina, da wuya a kira shi adalci, wanda ya tayar da bam ya zama shi ke tantance ko ciwon dajin da ya biyo baya sabon abu ne.