Karatun Yara Kafin Firamare: Me Ƙasashen Duniya Suka Yi Alkawari?

Wai akwai abin da ƙasashe suka haɗu a kansa game da yaran da ba su isa shiga firamare ba?

Akwai, kuma a rubuce yake. A shekarar 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa, ciki har da alkawarin cewa zuwa 2030 kowane yaro, mace da namiji, zai samu kulawa da karatun share fage. A watan Nuwamban 2022 UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar, ta sake tara su a Tashkent, babban birnin Uzbekistan, aka fito da magana a fili: a ba kowane yaro aƙalla shekara ɗaya kyauta kafin aji ɗaya, kuma a ware wa wannan mataki aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi.

To, an cika alkawarin?

Da sauran rina a kaba. Rahoton 2019 na UNICEF, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce yara miliyan 175, wato kusan rabin waɗanda suka isa shiga nazire a duniya, ba sa zuwa. A ƙasashe matalauta, ɗaya cikin biyar ne kacal ke zuwa. A wannan shekarar ce Faransa ta wajabta karatu tun daga shekara uku. Ghana ta daɗe da haɗa shekara biyu na share fage cikin ilimin matakin farko. Najeriya ma ta sa shekara ɗaya a tsarinta, sai dai a ƙauyuka da dama ajin bai wuce kan takarda ba.

Me ɗan shekara uku zai koya wanda ba zai samu a ɗakin uwarsa ba?

Ai ba cewa aka yi a raba shi da ita ba. A birnin Kingston na Jamaika, wajen 1986, ma'aikatan lafiya sun riƙa shiga gidajen da ke da yara masu tsumburewa, sau ɗaya a mako har shekara biyu. Ba allo, ba alli. Sai dai a zauna da uwa a nuna mata yadda za ta yi wa ɗanta hira, ta yaba masa, ta haɗa masa abin wasa da tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka bibiyi yaran nan, aka tarar kuɗin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Ke nan ba gaggawar koyar da ABCD ake nufi ba?

Ko kusa. Ni dai tausayi nake ji in na ga yarinya 'yar shekara uku da jaka ta fi ta nauyi, an ba ta aikin gida da Turancin da ko babarta ba ta ji. Waƙa, tatsuniya, ƙirga da tsakuwa, jiran layi, duk cikin harshen da ta tashi da shi, su ne karatunta.

Ina gizo ke saƙa?

Wajen malama. Sau da yawa ita ce mai ƙaramin albashi a makarantar, kuma wadda ba a tura kwas ba, alhali ita ke fama da mai kuka da mai fitsari a wando. Shi ya sa a Tashkent aka nemi albashinta da yanayin aikinta su kai aƙalla na malamin firamare.