Tabon Ciki da Yankan Duwatsu Masu Daraja

Tabon ciki shi ne duk wani abu da ya maƙale a cikin dutse mai daraja tun yana ginuwa a ƙarƙashin ƙasa, ko ya same shi daga baya: ƙwayar wani ma'adini, ɗigon ruwa, kumfar iska, zare siriri kamar gashi, ko tsagar da ta fara haɗewa ba ta gama ba. A kasuwa akan kira shi aibi ko datti, amma waɗannan sunaye ba su yi masa adalci ba. Tabon ne ke gaya wa masani ƙasar da dutse ya fito, da ko na ƙasa ne ko na masana'anta, da ko an taɓa gasa shi da wuta don gyara kamanninsa. Shi ne kuma ke nuna wa mai yanka inda zai bi da inda zai kauce.

Yadda ake auna shi

Daimon, wanda wasu ke kira lu'ulu'u, ana duba shi da ɗan madubin hannu mai ƙara girman abu sau 10. Cibiyar GIA ta Amurka, mai nazarin duwatsu masu daraja, ta kafa ma'aunin tsabtarsa a 1953, wanda yanzu yake da matakai 11, daga wanda ba a ganin komai a cikinsa zuwa wanda tabonsa ke bayyana ga ido tsirara. Duwatsu masu launi kuwa da ido ake fara yanke musu hukunci, kuma ba a auna su da mudu ɗaya. Akwamarin, dutse mai launin shuɗin ruwan teku, yakan fito garau, don haka ɗan tabo kaɗan kan karya masa farashi. Yaƙutu, ja ko shuɗi, an saba ganinsa da tabo. Zumurrudu kusan ba ya rabuwa da shi. Mutumin da ya mayar da karatun waɗannan tabba ilimi mai zaman kansa shi ne Eduard Gübelin na birnin Lucerne a Suwizalan (1913–2005), wanda ya nuna cewa ana iya gane mahaifar dutse daga abin da ke cikinsa.

Zumurrudu da lambunsa

Zumurrudu ɗan gidan ma'adinin beril ne, kamar akwamarin, sai dai ɗan sinadarin kuromiyam ko banadiyam da ya shige shi ya ba shi kore. Haɗuwar waɗannan sinadarai da beriliyam, sinadarin da ke cikin beril, ba ta faruwa sai inda ƙasa ta motsa, duwatsu suka tsattsage, ruwan zafi ya ratsa su. Dutsen da aka haifa cikin irin wannan hargitsi dole ya fito da alamunsa. Faransawa suka sa wa tabbansa suna jardin, wato lambu, domin in an leƙa ciki sai a ga kamar ganyaye da gansakuka.

Na Kolombiya, daga mahaƙan Muzo da Chivor da Coscuez, ya yi suna da wani tabo mai abu uku a rami ɗaya: ruwan gishiri, da kumfar iska, da ɗan ƙanƙanin dunƙulen gishiri mai kusurwa huɗu. Ruwan nan ragowar wanda dutsen ya girma a cikinsa ne, a rufe tun miliyoyin shekaru. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin hatimin Kolombiya, sai daga baya aka ga makamancinsa a zumurrudun kwarin Panjshir na Afganistan da kuma na tsakiyar Najeriya. Na Zambiya, daga yankin Kafubu inda mahaƙar Kagem take, yakan zo da fallayen ma'adinin maika masu duhu. Na Sandawana a Zimbabuwe cike yake da allurai sirara masu lanƙwasa.

Taurin zumurrudu ya kai 7.5 zuwa 8 a ma'aunin Mohs, ma'aunin taurin ma'adinai mai matakai 10, wato ba ya ƙarzuwa da sauƙi, amma tsagun cikinsa na sa bugu ɗaya ya fasa shi. Daga nan yankan da ke ɗauke da sunansa ya samo asali: doguwar siffa mai kusurwa huɗu, fuskokinta jere kamar matakala, an daddatse kusurwoyin don kada su ɓalle. Wannan yanka ba ya ɓoye komai, domin faffadar fuskarsa tamkar taga take. Shi ya sa ake cusa wa mafi yawan zumurrudun kasuwa mai a cikin tsagu, galibi man itacen sida, ko wani ƙaro na masana'anta. Haske na ratsa man kusan yadda yake ratsa dutsen, sai tsagar ta dushe wa ido. Sana'ar ta yarda da wannan muddin an faɗa wa mai saye, kuma takardar ɗakin gwaji kan rubuta ko babu mai, ko kaɗan ne, ko matsakaici, ko mai yawa. Ɓoye shi ha'inci ne. Mai zoben zumurrudu kada ya kusantar da shi ga ruwan zafi, ko sabulu mai ƙarfi, ko injin wanke kayan ado mai girgiza ruwa, domin man zai fita, tsagun su dawo fili.

Aikin mai yanka

Kafin dutse ya taɓa faifan gogewa, mai yanka kan daɗe yana jujjuya shi a gaban fitila, wani lokaci ya goge ɗan wuri ya leƙa ciki. Karat ɗaya giram 0.2 ne, kuma sau da yawa fiye da rabin nauyin ɗanyen dutse kan tafi a ƙura, don haka kowane tabo ciniki ne tsakanin nauyi da tsabta. Wurin da tabon ya zauna ya fi girmansa muhimmanci. Wanda ke gefe ana iya rufe shi da farcen zinarin da zai riƙe dutsen. Wanda ya faɗa kusa da tsinin gindin dutsen kuwa fuskokin za su yi ta maimaita hotonsa, tabo ɗaya ya koma goma. Yankan biriliyan, wato yankan daimon mai siffar da'ira da fuska 57 ko 58, wanda Marcel Tolkowsky ya fitar da lissafinsa a 1919, yana tarwatsa haske har ƙananan tabba su ɓace cikin walƙiya.

Daimon ɗin Cullinan, mai karat 3,106, wanda aka tsinta a Afirka ta Kudu a 1905, yana da baƙin tabo a cikinsa. Da Joseph Asscher ya raba shi a Amsterdam a 1908, ta kan tabon ya bi da tsagar, don a iya goge shi daga kowane ɓari.

Inda tabo ke ƙara daraja

Wani yaƙutun yana ɗauke da allurai na ma'adinin rutil, sirara ƙwarai, da suka jeru ta fuska uku. In an yanka shi a dunƙule kamar ƙwarya a kife, ba tare da fuskoki ba, sai tauraro mai ƙafa shida ya bayyana a kansa, yana bin haske. Dole gindin ƙwaryar ya dace da yadda allurai suka kwanta. Kuskure kaɗan sai tauraron ya zame gefe. Tauraron Indiya, mai karat 563, da ke gidan tarihin halittu na New York, irin wannan ne. Alluran nan kuma shaida ne: wuta mai tsanani na narkar da su, don haka ganin su lafiya lau na nuna ba a gasa dutsen da irin wannan wuta ba. Yaƙutun masana'anta da ake yi ta hanyar Verneuil, wato narkar da gari a harshen wuta, tun 1902 shi kuma layuka masu lanƙwasa da kumfa ne ke tona masa asiri.

Koren ganet na tsaunukan Ural a Rasha, demantoyid, ana neman sa ne da zaruruwan da suka bazu daga wuri ɗaya kamar wutsiyar doki, har mai yanka kan yi ƙoƙarin kawo wutsiyar tsakiyar fuska. Zumurrudun tirapiche na Kolombiya yana da baƙaƙen layuka shida da suka fito daga cibiya. Sunan na injin matse rake ne, dangin wanda ake yin mazarƙwaila da shi.

A kayan ado na yau

Marigayi Bernd Munsteiner na yankin Idar-Oberstein a Jamus ya sauya tunanin masu yanka tun daga shekarun 1960, inda yake sassaƙa ramuka a bayan dutse maimakon jera fuskokin da aka gada, kuma yakan gina siffar aikin a kan abin da ya tarar a ciki, musamman ma'adinin kwaz mai allurai ruwan zinari. Shi ya yanka akwamarin ɗin Dom Pedro mai karat 10,363, wanda ke gidan tarihin Smithsonian a Washington tun 2012.

Yau ƙananan maƙeran zinari da dama na neman daimon mai ɗige-ɗigen baƙi da fari, wanda ake yi wa laƙabi da gishiri da masoro, irin wanda a da ba ya shiga shagon ado. Sukan yi masa tsohon yanka mai shimfiɗaɗɗen gindi, ko su fere shi falle siriri, don a ga cikinsa sosai, su kewaye bakinsa da ƙawanyar zinari maimakon farata saboda kariya. Yawaitar daimon ɗin masana'anta mai tsabta da araha ya ƙara wa irin wannan farin jini, tunda babu biyu masu tabo iri ɗaya. Sai dai a bambanta tabon da ke rufe a ciki da tsagar da ta fito har fuska: ta biyun rauni ce, ko da wane suna aka sayar da ita.

Najeriya na fitar da zumurrudu daga wajen Gwantu a kudancin Kaduna da Nasarawa Eggon, da shuɗin yaƙutu (safaya) daga tsaunin Mambila a Taraba. Mafi yawansu ɗanye suke barin ƙasar zuwa cibiyoyin yanka irin su Bangkok da Jaipur, kuma a can ake yanke shawarar tabon da za a goge da wanda za a bari.