Makullin zauren ISO: wa ke ba da shi, kuma me ake bin wanda ya karɓa?

Wani ƙanena, malamin gona ne a jihar Tawa, ya kira ni da dare yana huci. Ya ji labarin cewa akwai ƙa'idar duniya kan ajiyar albasa, mai lamba ISO 1673, kuma yana da abin faɗa a kanta. Shekarunsa nawa yana shiga rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a Galmi da kewaye, yana ɗaga albasa ɗaya bayan ɗaya, yana jin warin wadda ta fara ruɓa tun kafin ido ya gan ta. Ya shiga shafin ISO, ya nemi inda zai sa baki, sai aka tambaye shi sunan shiga da kalmar sirri. Ya ce mini, "Yaya, su ne za su gaya mana yadda ake ajiye albasa, mu da muke nomanta ko ƙofar ba a buɗe mana ba?"

Na ce masa ƙofar tana nan, amma a Yamai take. Shi ya je ya ƙwanƙwasa ta Janeba.

ISO ƙungiya ce ta tsara ƙa'idojin inganci da ma'auni, ta fara aiki a 1947, hedkwatarta na Janeba a ƙasar Suwizalan. Kamar yadda tiya a kasuwa take hana gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa, haka ƙa'idojin nan suke tsakanin ƙasashe. Dokarta ta farko ita ce, mutum ba ya zama mamba, kamfani ma ba ya zama. Kowace ƙasa hukuma guda ce tak take wakiltarta. Faransa tana da AFNOR, Najeriya tana da SON, mu a Nijar muna da ANMC, hukumar ƙa'idoji da awo da shaidar inganci. Duk wanda yake son ya ga takardun aikin wani kwamiti, ko ya yi sharhi, ko ya zauna taro, ta hannun hukumar ƙasarsa zai bi.

A da takardu ake turawa ta gidan waya. Yanzu aikin ya koma intanet: ma'ajiyar takardun kwamiti daban, wurin kaɗa ƙuri'a daban, wurin rajistar taro daban, tarurrukan nesa kuma ta Zoom ake yi. Duk waɗannan ƙofofi makulli ɗaya ke buɗe su, wato wani babban kundin sunaye da ake kira Global Directory. A kowace hukumar ƙasa akwai ma'aikacin da aka ɗora wa riƙon kundin. Shi ke rubuta sunanka da adireshin imel ɗinka, sannan ya haɗa ka da kwamiti kaza a matsayi kaza. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Samun asusu bai ba ka komai ba, matsayin da aka liƙa wa sunanka shi ke yanke abin da za ka gani. Wanda aka rubuta a kwamitin abinci, wato TC 34, ba zai ga takardun kwamitin siminti da farar ƙasa, TC 74, ba, ko da kuwa shi ne babban injiniya a masana'antar siminti ta Malbaza. Wanda aka ba karatun takardu kawai ba zai ga maɓallin ƙuri'a ba. Mai kaɗa ƙuri'a matsayi ne na musamman, domin abin da ya danna ya zama muryar ƙasa.

Iyakar abin da hukumar ƙasa za ta iya ba ka ya dogara da kujerar da ita kanta take kai. Mambobin ISO hawa uku ne. Cikakken mamba yana da ƙuri'a. Na biyu yana halartar aiki a matsayin ɗan kallo, yana iya ɗaukar ƙa'idojin ya mai da su na ƙasarsa ya kuma sayar, amma ba ya ƙuri'a. Na uku labari kawai yake bi. A cikin kowane kwamiti kuma, ƙasar da take cikakkiyar mamba tana zaɓar ta zama mamba P, mai shiga aiki ka'in da na'in, ko mamba O, mai sa ido.

Zama mamba P ɗin nan bashi ne. Littafin ƙa'idojin aiki da ISO take amfani da shi tare da takwararta ta harkar lantarki, IEC, ya wajabta wa mamba P kaɗa ƙuri'a a kan duk abin da aka gabatar wa kwamitin a hukumance. Kana iya cewa e, kana iya cewa a'a, kana iya cewa ka ƙaurace, amma shiru ba ya cikin zaɓi. Idan daftarin ƙa'ida ya kai matakin jin ra'ayin ƙasashe, ana ba da mako 12. Daftarin ƙarshe kuma mako 8 ne a ISO. Ƙasar da ta bar wa'adin ya wuce za a tuna mata da alhakinta, in ba ta ba da gamsasshiyar amsa ba a mai da ita mamba O, kuma sai bayan wata 12 za ta iya neman komawa. Ga lissafin amincewa: sai kashi biyu cikin uku na mambobin P da suka yi ƙuri'a sun ce e, kuma masu cewa a'a kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan ƙuri'un. Wanda ya ce a'a bai kawo hujja ta fasaha ba, ba a ƙirga tasa.

Abin da ya fi damuna a wannan tsari shi ne yadda ƙaramin sakaci yake jawo babbar asara, kuma na gani da idona a wata ƙungiyar sana'a da na taɓa yi wa aiki, a wata harka mai kama da wannan. An rubuta sunan mutum ɗaya da imel ɗinsa na kansa. Aka canza masa wurin aiki, ya tafi da wayarsa da kalmar sirrinsa. Sanarwa ta yi ta zuwa akwatin da ba mai buɗewa, mu kuma muna zaune muna cewa an manta da mu. Sai da wa'adi ya wuce muka gane. Kwamfutar can ba ta san an yi wa wani canji ba, ba ta san wani ya yi ritaya ko ya rasu ba. Abin da aka rubuta mata shi take bi. Saboda haka cire sunan wanda ya bar aiki da sa na wanda ya gaje shi yana da nauyi daidai da rajistar farko, kuma aikin hukumar ƙasa ne, ba wanda zai yi mata shi daga waje.

Ƙanen nawa da ya ji haka sai ya ce, "To Yaya, in an samu wanda ke da makullin, ba sai ya ara mini ba?" Na san inda maganar ta fito. A ofisoshinmu kalmar sirri ɗaya mutum biyar ke amfani da ita, wani lokaci tana rubuce a takarda an manna a jikin allon kwamfuta. A nan kam ba a yarda ba, kuma ina ganin dokar tana da gaskiya. Asusun da sunan mutum aka buɗe shi, duk sharhin da aka tura ko takardar da aka sauke ana rubuta ta a kansa. Takardun aiki ba na jama'a ba ne tukuna, daftari ne da zai iya canzawa gobe, kuma ƙungiyar ce ke da haƙƙin mallakarsa. Idan aka watsa daftari a WhatsApp, ɗan kasuwa ya ɗauka ƙa'ida ce tabbatacciya ya sayi kayan aiki a kanta, wa zai biya shi asararsa? Hanyar da aka tanada ita ce kwamitin cikin gida mai bin sawun na duniya. Hukumar ƙasa ta tara masana da ƴan kasuwa da masu noma da jami'an gwamnati, ta nuna musu daftarin, su tattauna, a fitar da matsaya ɗaya. Sharhin ma yana da tsari: ka faɗi sashe na nawa, ka faɗi matsalar, sannan ka rubuta gyaran da kake so da kalmominka. "Wannan bai dace da mu ba" kawai ba ya kai mutum ko'ina. Amma a ce zafin watan Afrilu a Tawa ya kai kaza, ajiya irin wadda aka bayyana tana bukatar sanyaya ɗaki da lantarki, ga abin da muke so a ƙara domin masu ajiya a rudu, wannan dole kwamitin ya duba ya ba da amsa.

Akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe. A babban kwamiti wakili da bakin ƙasarsa yake magana. A ƙaramin rukunin da ke rubuta daftarin kuwa, ƙwararre da iliminsa yake magana, duk da cewa mamba P ne ya tura shi. IEC ma, wadda aka kafa tun 1906, tana da shiri na musamman tun 2001 ga ƙasashe masu tasowa da ba mambobinta ba, ba tare da kuɗin zama mamba ba, inda ƙasa take zaɓar kwamitoci har 10 ta riƙa ganin takardunsu tana yin sharhi.

Wahala dai akwai ta. Harsunan ISO na hukuma Turanci ne da Faransanci da Rashanci, amma yawancin aikin kwamiti da Turanci ake yi, mu kuwa masananmu da Faransanci suka yi lakwal. Ga ɗaukewar kuran a tsakiyar taro, ga tsadar intanet. Sai dai tun 2020, lokacin da korona ta mai da tarurruka kan Zoom, kuɗin jirgi da biza sun daina zama katangar da suke a da, kuma agogonmu da na Janeba bambancinsu bai wuce awa ɗaya ba.

Kowace ƙa'idar ISO ana sake duba ta aƙalla duk shekara 5, a tambayi ƙasashe ko a bar ta, ko a gyara, ko a janye. Na ce wa ƙanena ya rubuta wa ANMC takarda, ya faɗi aikinsa da shekarunsa a harkar albasa, ya ambaci kwamitin TC 34 da lambar ƙa'idar, ya tambayi matsayin ƙasar a kwamitin da yadda ake shiga na cikin gida. Na kuma ce ya sa adireshin imel ɗin da yake buɗewa kullum. Ya ce zai fara tattara alƙaluman asarar da ake yi a rudu daga girbi zuwa damina, domin ya haɗa su da takardar.