Waye ɗan gem na gaskiya? Tambayoyin da masu wasan bidiyo ke musu a kansu

Duk inda 'yan gem biyu suka zauna, ba a daɗewa sai musu ya kaure. Wannan ya ce wasan waya ba gem ba ne, wancan ya ce duk wanda ya zaɓi matakin sauƙi bai iya ba. Na daɗe ina buga wasannin nan, ina kuma son su har raina, shi ya sa raina wa juna da ake yi a kansu yake damuna. Ga tambayoyin da aka fi ja-in-ja a kai, da abin da nake gani, ko da wasu ba za su so jin sa ba.

Wanda bai taɓa buga gem a wani wuri ba sai a waya, shi ma ɗan gem ne?

Ƙwarai kuwa. Wasa a ƙaramin allo ba yau ya fara ba. Tetris, wasan jera tubala masu faɗowa wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, ya mamaye duniya ne sosai bayan da ya hau Game Boy a 1989, na'urar da ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Wasan macijin Nokia na 1997 shi ne gem na farko ga mutane masu ɗimbin yawa. Yau kuma kusan rabin kuɗin da harkar gem ke samarwa a duniya daga waya yake fitowa.

Mai cewa wasan waya ba ya buƙatar gwaninta ya je ya tsaya a kan wanda ya ƙware a PUBG Mobile ko Free Fire. Yatsu huɗu yake ɗorawa a kan gilashi, wani ma shida: babban yatsa yana tafiya, ɗaya yana juya ido, manuniya tana harbi, ɗayar tana tsalle, duk a lokaci guda, ga waya ta yi zafi a hannu. Wannan ba ya samuwa a kwana ɗaya. Aibin da ke cikin wasannin waya ba na na'urar ba ne, na yadda ake tsara su ne don su ci kuɗi, kuma za mu zo kan wannan.

To matakin sauƙi fa, ba abin kunya ba ne?

A nan ne musun ya fi zafi. Kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar da Dark Souls a 2011, Sekiro a 2019, Elden Ring a 2022, kuma babu ɗaya a ciki da ke ba ka zaɓin sauƙi ko tsanani. Jagoran ayyukan, Hidetaka Miyazaki, ya sha bayyana cewa abin da yake so shi ne mutum ya ɗanɗani daɗin cin nasara bayan wahala. Na fahimci hakan, don na ɗanɗana. Akwai abokin gaba a Sekiro da ya kashe ni fiye da sau talatin a dare ɗaya. Tun ina danna komai a firgice, har kunnena ya fara gane ƙarar takobinsa, hannuna ya koyi jira, na daina kai sara kafin lokaci. Ranar da ya faɗi, sai da na ajiye abin dannawar na yi shiru, hannuwana suna rawa. Da an ba ni hanyar sauƙi a daren farko, da na bi ta, da kuma na rasa wannan.

Amma wannan labarina ne, ba doka ba ce a kan kowa. Akwai wanda hannunsa ɗaya ne ke aiki. Akwai wanda idonsa ba ya bambance launuka. Akwai uwa ko uban da ba ya samun fiye da rabin awa bayan yara sun yi barci, labarin wasan kawai yake son ya gani. Wasan Celeste na 2018 yana da wuya ƙwarai, amma masu shi sun sa tsarin taimako: za ka iya rage saurin wasan, ko ka sa ba ka mutuwa. The Last of Us Part II na 2020 ya zo da zaɓuɓɓuka sama da 60 saboda masu larurar gani, ji ko motsi, har makafi suka iya kai shi ƙarshe. Wannan bai rage wa gwanaye komai ba.

Matsayata ita ce mai ƙera wasa yana da 'yancin ya ce mataki ɗaya ya yi. Wanda ba shi da hurumi shi ne ɗan wasan da ke yi wa ɗan'uwansa gori. Har a Elden Ring ana samun masu cewa wanda ya kira ruhohin taimako bai ci wasan da gaske ba, alhali masu wasan da kansu ne suka sa su a ciki don a yi amfani da su.

Kyawun hoto shi ne ma'aunin wasa mai kyau?

A'a. Minecraft duk tubala ne masu kusurwa huɗu, har fuskar mutum, amma a 2023 aka sanar cewa an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Hoto yana burge ido a awa ta farko, daga nan ido ya saba. Abin da ke riƙe mutum shi ne yadda wasan ke amsa hannunsa.

Masu kwanton ɓauna a wasannin harbi, ba ragwaye ba ne?

Ga wani ra'ayina da ba a so. A wasa irin PUBG, inda mutum ɗari ke sauka a tsibiri, ƙa'idar ita ce wanda ya rage da rai a ƙarshe shi ya ci. Ba a ce wanda ya fi kisa ba. Mutumin da ya kwanta cikin ciyawa yana sauraren takun sawu, yana lissafin inda da'irar da ke rage filin wasan za ta matse, yana ƙin harbi don kada ya tona kansa, wasa yake yi da ƙwaƙwalwa. Haushin da ake ji idan ya harbe ka ta baya na gaske ne, ni ma ina ji, amma bai karya doka ba. Wanda ya cancanci fushi shi ne mai sa manhajar maguɗi da ke nuna masa mutane ta bayan bango, ko mai zagin abokan tafiyarsa don an sha kashi.

Dole ne in ƙarasa duk wasan da na fara?

Ba dole ba ne. Wasannin zamani da yawa suna cin awa 50 zuwa 100, kuma wani ɓangare na wannan tsawon ciko ne: je ka ɗauko kaza, koma ka kai wa wane. Idan wasa ya koma maka kamar aikin da aka ɗora maka, ajiye shi. Kuɗin da ka biya ya riga ya tafi, kada ka bi shi da lokacinka. Ko Steam, shagon sayar da gem a intanet, yana mayar da kuɗi idan ba ka buga fiye da awa biyu ba, kuma ba a wuce kwana 14 da saye ba.

Me ya sa wasu ke ƙin sayen sabon wasan ƙwallo duk shekara?

Saboda sau da yawa bambancin bara da bana bai wuce sababbin riguna da sauyin 'yan wasa ba. Sunaye sun canza, PES na Konami ya zama eFootball a 2021, FIFA na EA ya zama EA Sports FC a 2023, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne inda kuɗin ke shiga yanzu. Ana sayar maka da rufaffen ƙunshi, ba ka san ɗan wasan da ke ciki ba sai ka buɗe. Allo ya yi walƙiya, kiɗa ya tashi, zuciya ta buga, sai wani da ba ka buƙata ya fito, sai ka ji kamar na gaba ne zai zo da gwanin. An tsara wannan jin ne da gangan. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin da ake sayen su da shi a ƙasar.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu 'yan gem muna ƙarar da ƙarfinmu wajen musun na'urorin gem na PlayStation da Xbox, ko waya da kwamfuta, alhali ga abin da ya shafe mu duka. Haka batun biyan kuɗi kafin wasa ya fito. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 cike da matsaloli a tsofaffin na'urori, har Sony, mai PlayStation, ya cire shi daga shagonsa na tsawon wata shida, aka mayar wa mutane kuɗinsu. An gyara shi daga baya ya zama wasa mai kyau, amma wanda ya yi haƙuri ya jira shi ya more shi.

Yaushe son gem ke zama matsala?

Ba yawan awoyi kaɗai ake dubawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar gem a kundinta na cututtuka da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022, kuma alamomi uku ta kafa: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da dainawa, gem ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, sannan ya ci gaba duk da yana ganin illar. Galibi sai abin ya kai wata 12 yana cutar da karatu, aiki ko iyali kafin a kira shi larura, kuma kaɗan ne cikin masu wasa ke kaiwa nan. Wasu gwamnatoci sun ɗau mataki mai tsauri: tun 2021 China ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu.

Ni abin da nake gwada kaina da shi ƙarami ne. Akwai wasan da na riƙa buɗewa kowace safiya don kawai in karɓi kyautar yini, kada jerin kwanakina ya yanke. Wata rana na lura na shafe mako biyu ban buga ko zagaye ɗaya ba, karɓa kawai nake yi in rufe. A ranar na goge shi daga wayata, na koma kan Tetris.