Jiragen sama kaɗai ba sa kashe gobarar daji

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar rundunar jiragen sama ta iso, gobarar daji ta ƙare. Ba abin mamaki ba ne, tunda jirgin ake yawan nunawa a talabijin.

Aikin jirgi shi ne rage wa wuta ƙarfi domin ma'aikatan ƙasa su iya kusantarta. Jirgin kashe gobara samfurin CL-415 yana ɗiban ruwa kimanin lita 6,000 daga tafki cikin daƙiƙa 12, amma wani kaso yakan ƙafe ko ya maƙale a ganyaye kafin ya taɓa ƙasa. Jan sinadarin da jirage ke zubawa kuwa, mai gishirin takin zamani, galibi a gaban wutar ake zuba shi don ciyayi su yi jinkirin kamawa. Iska mai ƙarfi da hayaƙi da duhu sukan hana tashi. Garwashin da ke cin saiwoyi da kututture kuwa, mutane ne ke tone shi, su ne kuma ke share layin tare wuta.

Mai son tabbatarwa ya lura da inda jan sinadarin yake sauka a bidiyo, ya kuma duba yawan ma'aikatan ƙasa a rahotannin gobara. Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.