Sashe na 91: yadda doka ta tsara fitar Nijar daga ECOWAS, da gurbin da ta bari

Musun fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS bai mutu ba a garuruwan kan iyakar Kebbi. A Kamba ko Kangiwa za ka ji wani na cewa sojojin da ke mulkin ƙasashen uku sun yi daidai, ƙungiyar da ta rufe wa talaka iyaka, aka kuma yanke wutar da ke tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ba wurin zama ba ce. Wani kuma ya ce wa ya zaɓe su da har za su yanke wa al'umma wannan hukunci? Kowanne na da hujjarsa, sai dai ba safai ake jin wanda ya koma ga dokar kanta ba.

An kafa ECOWAS a Legas a 1975, aka sabunta yarjejeniyarta a Kwatano a 1993. A wannan sabuwar ne sashe na 91 ya yi maganar fita, kuma gajere ne ƙwarai. Ƙasar da ke son ficewa za ta rubuta wa shugabancin ƙungiyar sanarwa ta shekara guda, a sanar da sauran ƙasashe. In shekarar ta cika ba ta janye takardar ba, ta fita. A cikin wannan shekara kuwa duk wani nauyi da yarjejeniyar ta ɗora mata yana nan a kanta. Iyakar abin ke nan. Sashen bai nemi ƙuri'ar raba-gardama ba, bai nemi amincewar majalisa ba, bai kuma ba sauran ƙasashe ikon hana mai tafiya ba. Ta wannan ƙofa Muritaniya ta fita a ƙarshen shekarar 2000.

A ranar 28 ga Janairun 2024 ƙasashen uku suka ce sun fita nan take. Mali ta kafa hujja da cewa ƙungiyar ce ta fara karya dokarta da takunkumi, don haka wa'adin bai hau kanta ba. ECOWAS ba ta karɓi wannan ba, ta ƙirga shekararta, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, tare da ƙarin wata shida na ko za su sake tunani. Ba su sake ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da sashen ya yi a kan mutane. Bai ce komai ba game da Ba'are ɗan Dogon Dutsi da ya yi shekaru yana da shago a Argungu, ko direban da ke ɗaukar kaya daga Kamba zuwa Gaya. Turawa sun fi mu tanadi a nan. Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar Turai ya ce a zauna a ƙulla yarjejeniyar rabuwa, ya ba da shekara biyu da za a iya tsawaitawa. Shi ya sa Birtaniya, wadda ta yi ƙuri'ar fita daga Tarayyar a 2016, ba ta fita ba sai 31 ga Janairun 2020, da rubutaccen matsayin 'yan ƙasashen ɓangarorin biyu a hannu. Namu sashen kamar saki ne da aka furta ba a yi maganar rainon 'ya'ya ba.

To a kan me muke tafiya yanzu? Damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza, ka zauna har kwana 90, ta fito ne daga ƙa'idar zirga-zirga ta 1979. Shigar da kayan da aka noma ko aka ƙera a yankin ba tare da harajin kwastan ba, tsarin ECOWAS ne. Takardar da makiyayi ke riƙewa ya ƙetara da dabbobinsa, daga shawarar ƙungiyar ta 1998 ta samo asali. Dukansu na mambobi ne. Ranar da fitar ta tabbata, ECOWAS ta roƙi hukumomin ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su bar su su shiga ba biza, su bar kayansu a tsohon tsari, har sai an sanar da wani abu daban. Ƙawancen AES, wato haɗakar da ƙasashen uku suka kafa, shi ma ya ce a Disambar 2024 'yan ECOWAS za su shigo ba biza, amma ya riƙe ikon mayar da wanda bai yarda da shi ba.

A lura da kyau: waɗannan sanarwa ce, ba yarjejeniya ba, kuma wanda ya yi sanarwa yana iya janye ta. Ɗan Bagudo da ya shiga Benin yana da haƙƙin da ke rubuce a doka. Ɗan Dandi da ya shiga Nijar yana cin alfarma ne. An riga an ga alamar sauyi, domin AES ta fito da nata fasfo a Janairun 2025, a watan Maris kuma ta sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje.

A ganina, mai goyon bayan fitar da mai adawa da ita buƙatarsu ɗaya ce: a rubuta wannan alfarma ta zama doka. Ko tsakanin ECOWAS da AES, ko tsakanin Abuja da Yamai kai tsaye, tunda akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971. Wannan ita ce maganar da ya kamata 'yan majalisarmu na Kebbi su riƙa tayarwa a Abuja. Kafin nan, duk mai ƙetarawa ya riƙe takardar shaidarsa da ta kayansa, ya kuma tambayi jami'an shige-da-fice da na kwastan halin da ake ciki kafin ya yi lodi.